Iskar Ɗakin Inna

Asabar, 1 ga Rabi'ul Akhir 1403, bayan La'asar

Wannan littafin ragowar na 'yan ajina ne. Da Hausa zan rubuta, da baƙaƙen Larabci, don Yaya Lurwanu ba ya iya haɗa su, matarsa kuwa ko an haɗa mata ba za ta ji ba. Hausar tawa ta cikin gida ce, ta girki da faɗan Inna, amma za ta ishe ni.

Inna ta sake tashi da ciwon kai. Yau kwana tara. Ta ce kamar an ɗaura mata ɗankwali an ja da ƙarfi an ƙi saki. Ta yi amai bayan Asuba, ta hana ni gaya wa Yaya. Likitan da muka gani ranar Talata ya ce sanyi ne da shekaru, ya ba da ƙwayoyi. Ni ma da nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, da takardar shaidata a jikin bango, abin da na ce ke nan. Sanyin bana kam ba shi da mutunci, kuma shi ne na farko da ya same mu a wannan shigga, sashen bene a unguwar Sultana, hawa na biyu, tun da aka rushe tsohon gidanmu na kusa da Harami, masallacin Ma'aiki.

Ciwon kai ne kawai.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na dawo makaranta na tarar da ita zaune a bakin gado tana neman carbinta, carbin kuwa yana wuyanta. Na yi dariya don ta yi, ta kuwa yi.

Yaya ya zo cin abincin rana. Sana'arsa tagogin alminiyam, shagonsa yana ƙarshen titin nan, kuma na gidan nan shi ya sa su da hannunsa. Bai taɓa shigowa bai shafa su ba, kamar mai duba ragon layya. "Shufi ya Safiya," in ji shi da Larabcinsa, wato in duba, "na bi su da roba ta ko'ina, ko tururuwa ba ta shiga." Ya saya wa Inna daffaya, abin ɗumama ɗaki na lantarki, tana nan cikin kwalinta har yau. Inna ta ce wutar da ba ta toka ba wuta ba ce, ga shi tana busar mata da hanci. Kaskonta na ƙasa take so, wanda ta ɗauko daga tsohon gida a kan cinyarta cikin mota. Ta hura gawayi, ta barbaɗa luban, ta rufe ƙofa, ta ja bargo. Shekara arba'in haka take yi duk sanyi, me ya taɓa samun ta?

Yaya ya ce, "Ya ummi, khalas, ya isa haka, zamanin gawayi ya wuce."

Ta ce, "Kai ma za ka wuce, ɗan nan."

Talata, 4 ga wata, bayan Magariba

Ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Sau biyu.

Juma'a, 7 ga wata, bayan La'asar

Gwaggo Fatna ta dawo mana da Inna. Ƙanwar Baba ce, Allah ya ji ƙansa. A Sudan aka haife ta a kan hanyar hajji, shi ya sa Hausarta ta fi tamu gishiri, bakinta kuma ya fi namu kaifi. Ranar Laraba ta zo dubiya, ba ta yi shawara da kowa ba ta naɗe wa Inna kaya ta tafi da ita gidanta na unguwar Ƙiblatain, jikin masallaci, tsohon gidan nan mai tsakar gida da dabino ɗaya da ƙyamaren da ba sa rufuwa daidai.

Kwana biyu, Inna ta dawo garau. Ta hau matakala ba ta tsaya hutu ba. Ta ci tuwo malmala biyu, ta yi mini faɗa a kan miya wai na cika mata ruwa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

"Abla," in ji Gwaggo. Haka ɗalibai ke kiran malamansu, ita kuma haka take kira na in tana son tsokana. "Ina ƙwayoyin likitanku? Ko ɗaya ba ta sha ba a wurina. Albarkar maƙwabtaka da masallaci ce kawai."

Na ce, "To Gwaggo, Allah ya bar mana ke."

Ta ce, "Amin, ko don ki samu mai gaya miki gaskiya."

Lahadi, 9 ga wata, kafin in fita

Ya dawo. Ciwon, da jirin, da aman. Kwana biyu kawai ta yi a ɗakinta.

Tsoro nake ji. Na rubuta don in gan shi a takarda ko zai ragu, bai ragu ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya Alhamis babu makaranta, sai na kwashi takardun ɗalibai na shiga ɗakin Inna don in yi gyara ina kallon ta. Ɗakin da ɗumi, kasko ya yi ja, ƙofa a rufe. Kafin Azahar kaina ya fara sarawa. Na karanta amsar yarinya ɗaya sau uku ban gane abin da ta ce ba, alhali amsar daidai ce. Da na miƙe sai na ji ƙafafuna kamar na aro. Na lallaba zuwa madafa don in ɗora shayi, na tsaya bakin ƙaramar tagar da nake bari a buɗe saboda tururi. Kafin shayin ya gama dahuwa kaina ya fara washewa.

A nan tsaye na tuna darasin da nake koyarwa kowace shekara ina kallon agogo. Gawayi in ya samu iska isasshiya, ya ci lafiya. In aka kulle shi, sai ya riƙa fitar da wata iska wadda a littafi muke kira awwal uksid al-karbon. Ba launi, ba wari, ba ta sa tari. Jini ya fi son ta fiye da oksijin ninkin ba ninki, in ya kama ta ba ya son saki. Tsohon gidanmu tagogin katako ne masu ƙofofi-ƙofofi, iska na shiga ta ko'ina, Inna tana yini tana mita. Nan kuwa ko tururuwa ba ta shiga.

Yau Gwaggo ta zo. Muna zaune ɗakin Inna na ce, "Gwaggo, ni fa ina jin iskar ɗakin nan ce."

Ta ajiye finjalin shayi. Ta dubi Inna, Inna ta dube ta.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. "Yau Abla ta faɗa da bakinta. Tun ranar da kuka tare nake cewa ba wanda ya san abin da ke filin nan kafin a yi gini."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A bakina iska ita ce abin da muke shaƙa. A kunnensu iska ita ce waccan da ba a son ambaton sunanta, ta mutanen ɓoye.

"Hawa nake nufi, Gwaggo, ta Larabci, wadda ake shaƙa. Hawa. Gawayin nan ne yake..."

"Gawayin da uwarki ta raine ki a gabansa? Ke 'yar nan, kin ga hayaƙi? Kin ji wari?"

"Ai ba a ganin ta, kuma ba ta da wari."

"Tana sa ciwon kai?"

"Tana sawa."

"Tana ruɗa mutum ya manta sunan 'yarsa? In ya bar gidan ta sake shi, in ya dawo ta kama shi?"

Na ce e.

"To a kan me muke musu?"

Na tashi na zuge taga kaɗan, Inna ta ce in so nake sanyi ya ƙarasa ta in faɗa mata kawai. Ta sa aka rufe. Kasko kuwa ta ce duk wanda ya taɓa mata shi ba ta yafe ba. Na ji haushinsu su biyun, na ji haushin harshena da ya ba ni kalma ɗaya a inda nake buƙatar biyu.

Asabar, 15 ga wata, bayan La'asar

Baki ba zai yi ba. Abin da ido zai gani nake nema, don Gwaggo ba ta musu da idonta.

A ɗakin gwaji na makaranta, can saman kabad na baya inda ba mai taɓawa, akwai wata ƙaramar kwalba mai launin ruwan ƙasa. Na sha ganin ta. Khamis uksid al-yod aka rubuta a jiki. Farin gari ne, in ba a faɗa maka ba ka ce gishiri. Yod ne, wanda alhazan gida ke kira aidin, na shafa wa rauni, ya haɗu da oksijin, shi biyu ita biyar. Amma riƙon sakainar kashi yake mata. In waccan iskar ta gawayi ta bi ta cikinsa, ita da take da oksijin ɗaya tana neman ta biyu, sai ta ƙwace ta tafi abinta, ta bar yod shi kaɗai. Da ya rabu da oksijin sai launinsa ya fito, ya tashi tururi shunayya. In tururin ya faɗa ruwan sitaci, ruwan ya koma shuɗi baƙi-baƙi. Wato garin nan shi ne mai tona asirin abin da ba a gani.

Na ɗebo kaɗan a takarda, da bututun gilashi, da ɗan famfon roba na hannu, da fitilar sibirto ta ɗumama gwaji. Ban gaya wa Abla Su'ad ba, Bamasariyar da ke riƙe da makullin ɗakin. Duk hanya jakar tana ƙarƙashin abayata ina jin kamar kowa a motar ya sani.

Lahadi, 16 ga wata, bayan Magariba

Na yi. Na bari Inna ta rufe ɗaki awa biyu da kaskonta, na shiga na cika balan-balan da iskar ɗakin da famfo, na kawo madafa. Garin sai da na murƙushe shi da bayan cokali kafin ya shiga bututun. Na ɗumama shi, na saki iskar a hankali ta bi ta ciki ta fita a kofin ruwan sitaci, irin wanda ake sa wa guturar Yaya, mayafin kansa, kafin guga.

Ruwan bai sauya ba. Na ƙara cika balan-balan na maimaita. Fari fat.

Na zauna a ƙasa na yi kuka don daɗi. Ashe ba kaskon ba ne, ashe ba tagogin Yaya ba ne, ashe ban zauna wata guda ina kallon abin yana cin uwata ba. Na shiga na rungume Inna na ce mata hawa lafiya lau take, na auna da kaina. Ta ce da ma ta gaya mini.

Babu komai. Ciwon kai ne kawai.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu

Gwaggo ta zo da kayanta cikin ƙulli, da nata kaskon. Inna ta riga ta ba ta labari.

"Kin auna taki ba ki samu ba," in ji ta. "To bar ni da tawa."

Ba da gatse ta faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce ta san na yi iya ƙoƙarina, kuma Inna, wadda take kira Yaya Ƙaltume, ba matar yayanta ce kawai ba, ita ta yi mata wankan jego uku. Daga gobe kwana uku za a yi ana turare, jawi da habbatus sauda da wani abu da ta kawo a ƙunshe, tana karanta abin da ta sani. Sharaɗin ɗaya ne, kada hayaƙin ya samu hanyar fita, sai ya cika kowane lungu har mai ɗakin ta ɓoye ta gaji ta tafi. Ita za ta zauna ciki da Inna.

Yaya ya ce, "Kalam fadi," wato zancen banza, ya ɗauki makullin motarsa. Ni ban hana ba. Da wane baki?

Talata, 18 ga wata, bayan La'asar



Na mayar da kayan yau. Abla Su'ad ta shigo ta same ni da kwalbar a hannu. Na shirya jin faɗa, sai ta karɓa ta girgiza, ba abin da ya motsa a ciki. Ta buɗe ta leƙa ta yi tsaki.

"Wannan ya mutu, ya binti, 'yata. Dubi yadda ya dunƙule. Murfin ya tsage, ya sha ruwa ya ƙoshi."

Na sani. Yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi. Garin nan ƙishirwa gare shi, ko damshin da ke cikin iska zuƙe shi yake yi, in ya sha kuma ya koma wani abu daban, ya daina aikin da aka san shi da shi. Sai an gasa shi a zafi daraja ɗari biyu cikin busasshiyar iska ruwan ya fita, kuma kada a zarce ɗari uku, in ba haka ba ya watse gaba ɗaya. Ranar Lahadi da nake murƙushe shi da cokali na ga ya dunƙule. Na gani. Na kawar da kai don amsar da nake so ita ce ta fito.

Na gaya wa Abla Su'ad komai. Ta kunna tanderun ɗakin gwaji ta zuba garin a faranti. Ta ce gobe da safe zai yi.

Na dawo gida na tarar an fara. Gwaggo ta bi bakin taga da salatif, ko da yake babu abin da ya rage a toshe. Ta leƙo ta ce in miƙo mata tsumma na ƙarƙashin ƙofa. Na ce, "Gwaggo, a bar ƙofar a ɗan buɗe mana." Ta ce, "Ba ke kika auna ba?"

Kalma huɗu kawai ya kamata in faɗa. Awon nawa ya ɓaci. Suna bakina. Na tuna fuskarta ranar Juma'a, na tuna yadda na rungume Inna ina shela, na ce bari dai in tabbatar gobe, kada in yi ta kai da kawo kamar wadda ba ta san aikinta ba. Na miƙa mata tsohon zanen Inna.

Awa ɗaya suka yi suka fito. Leɓɓan Inna sun yi ja kamar ta ci goro. Gwaggo ta ce jini ya fara dawowa. Ita ma tana dafe da goshi, ta ce alama ce abin ya ji zafi yana ramawa.

Laraba, 19 ga wata, bayan Asuba

Na cika balan-balan ta bakin ƙofa suna salla. Na roƙi Gwaggo kada su fara sai na dawo. Ta ce to, amma irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Laraba, bayan Magariba, a mustashfa, wato asibiti

A benci nake, a bakin ɗakin mata. Zan rubuta a jere don in na tsaya tunani ba zan iya ba.

Ƙarfe goma saura muka fitar da garin, ya koma warawara. Abla Su'ad ta riƙe fitila, ni na saki iskar. Ban kai rabin balan-balan ba na ga shunayya tana tafiya cikin gilashin. Ruwan sitacin ya yi shuɗi, ya yi baƙi. Kuma wannan iskar safe ce, ta ragowar garwashin jiya.

Gidanmu ba tarho. Na buga shagon Yaya daga ofishin shugaba, aka ce ya fita sa tagogi, ba a san unguwar ba. Mai gadin ƙofa ya ce ba a fitar malama kafin tashi sai waliyyinta ya zo. Abla Su'ad ta yi masa wani irin Larabcin Masar da ban taɓa ji ba, ya buɗe. Mu biyu muka tare tasi. Sultana a cushe, motar kaya ta tsaya tana sauke siminti a tsakiyar titi. Na fita na ƙarasa da ƙafa.

Tun daga matakala na ji ƙanshin jawi. Na kira, na buga. Zanen yana ƙarƙashin ƙofa. Na ja numfashi na riƙe na tura. Tagar ta ƙi zuguwa saboda salatif, ƙarfen guga yana kan kabad, da shi na fasa.

Inna tana kan gado. Gwaggo tana zaune a ƙasa tsakanin kasko biyu, ta jingina da bango, carbi a hannunta.

Na ja Inna tukuna. Wannan dole in rubuta shi. Na ja Inna tukuna. Abla Su'ad ce ta iso ta ja Gwaggo.

An sa wa Inna robar oksijin a fuska. Likita ya ce a jira. Gwaggo tana wani ɗaki a ƙasa, ba ɗakin da ake jira ba.

Alhamis, 20 ga wata, bayan La'asar

An yi wa Gwaggo salla a Harami bayan Azahar, an kai ta makabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Na tsaya daga bayan katanga har maza suka fito.

Kowa sai cewa yake ta yi dace, ga ta maƙwabciyar Ma'aiki.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Inna ta buɗe ido jiya. Ta dube ni ta ce, "Auta." Sunan da take kira na ke nan, daidai. Na fita waje don kada ta ga fuskata.

Litinin, 24 ga wata, bayan Magariba

Zaman makoki a Ƙiblatain, a tsakar gidan nan mai dabino. Tsofaffi sun cika tabarmi, na Kano da na Damagaram da mutanen Chadi da Gwaggo ke saye da sayarwa da su. Ina raba gahawa na ji wata tana gaya wa ta kusa da ita ƙasa-ƙasa, "Iskar ce ta fi ƙarfinta." Ɗayar ta ce Allah ya tsare mu. Suka dube ni don in tabbatar, tunda ni ce mai karatu.

Na ce, "Iskar ce." Na zuba musu gahawa na wuce.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu

Yaya ya zo gida da wuƙar aikinsa. Bai yi mini sallama da kyau ba. Ya bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓare robar da ya liƙa, yana jefarwa ƙasa. Wadda na fasa ya sa mata sabon gilashi, ya huda bango ta sama ya sa raga. Ya fitar da daffaya daga kwali. Kaskon Inna ya ɗauka zai fita da shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sai ya dawo ya ɗora shi can saman kabad.

Da zai tafi ya yi magana da Hausa, abin da rabonsa da shi tun rasuwar Baba. Ya ce, "Safiya, hannuna ne ya yi wannan."

Ya tsaya yana jira. Na san abin da ya kamata in ce masa, na san kuma zai rage masa nauyi. Na ce Allah ya riga ya rubuta. Ya gyaɗa kai ya sauka.

Sau biyu ke nan tun rasuwar Gwaggo ina haɗiye gaskiya.

Juma'a, 28 ga wata

Ba na iya shan shayi. Ƙanshin garwashi daga shagon mai gasa nama na ƙasa ya isa ya kore ni daga bakin taga.

Lahadi, 1 ga Jumada Ula, bayan La'asar

An sallamo Inna. Tana tafiya da ƙafarta, tana ci, tana salla, sai dai takan tsaya a tsakiyar raka'a ta juyo ta tambaye ni ta nawa ce. Likita ya ce wani yana dawowa duka, wani rabi, ba a sani sai an ga watanni. Ya tambaye ni yadda na gane abin tun kafin su gane. Na ce da wani farin gari. Ya ce ma sha Allah, na ceci ran mahaifiyata. Na ji kamar in ce masa ya yi shiru.

Mun gaya mata zancen Gwaggo tun a mustashfa. Ta yi kuka. Yau da na kawo shayi ta ce ina finjalin Fatna.

Talata, 3 ga wata, bayan Azahar

Na koma makaranta. Abla Su'ad ta zuba garin a sabuwar kwalba mai murfin kirki, ta naɗe bakin da kakin zuma. Ta ce in zaɓi ranar da zan nuna wa 'yan aji biyu gwajin, tunda duk gidajensu akwai kasko kuma duk an sa musu alminiyam. Na ce mako mai zuwa. Ta ce gobe, don sanyi bai tafi ba. Gaskiyarta.

Ba ta taɓa tayar da zancen ranar Talatar nan ba. Ita kaɗai ta san na koma gida da sani.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagon Yaya da kaina. Na tsaya daga bakin ƙofa ya fito yana goge hannu. Na gaya masa, garin da ya dunƙule, da cokalin, da zanen da na miƙa. Ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Taiyib," wato to. Ya ce in shiga mota ya mayar da ni. Da zan fita ya ce gobe zai zo ya kai mu Ƙiblatain mu shayar da dabinon.

Ban sani ba ko ya yafe. Ba shi ne mai yafewar ba ma.

Juma'a, 6 ga wata, bayan La'asar

Mun dawo. Inna tana ɗakinta, daffaya a kunne, ba ta ƙara cewa komai a kanta ba, wannan ma yana ba ni tsoro. Na kawo finjali biyu kamar yadda take so, na zuba duka biyun. Na zauna bakin gado na gaya mata ita ma, daga farko har ƙarshe, a hankali, da Hausar da take ji. Ta riƙe hannuna tana kallon bakina. Da na gama, na ɗauka ta gane.

Ta ce, "Fatna ta makara yau."

Na ce e, Inna.

Labule ya motsa. Ta juya ta dubi tagar, ta ja bargo har wuya.

"Auta, rufe tagar nan. Iska za ta shigo."

"Bari ta shigo, Inna."

Ta daɗe tana kallo na. "Ba kya tsoro?"

"Ina ji."

Na ɗauko bargona na ƙara mata a kan nata. Tagar na bar ta a buɗe.